Jiki na gida, hankali na kasuwa: Abin da likitoci suka aro daga mabiya Buda, da abin da gidajen Kafanchan suke da shi tuntuni

Yaushe rabon da ka idar da sallah, ko ka rufe addu'ar safe da "amin", kuma ka iya tuna abin da bakinka ya faɗa daga farko har ƙarshe? Ke kuma uwargida, sau nawa kika tsinci kanki tsaye a madafi da ludayi a hannu, kin rasa ko kin zuba gishiri ko ba ki zuba ba, domin gangar jikinki ce kawai a wurin, hankalin yana can wajen kuɗin makarantar yara?

Idan amsar ba ta yi daɗi ba, kana da 'yan uwa da yawa. A 2010 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta waya a lokuta dabam-dabam na yini: me kake yi yanzu, ina tunaninka yake, kuma yaya kake ji? Sai suka tarar kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, hankalin mutum ba ya kan abin da hannunsa yake yi. Suka kuma tarar cewa a lokutan da hankalin ya tafi yawo, mutane sun fi ba da rahoton rashin jin daɗi.

To, yawon hankali iri-iri ne. Na wani yakan tsaya a ƙwallon da aka buga jiya. Na mutumin Kafanchan yana da wuraren zuwa masu nauyi. Garin nan da ya girma a kan mahaɗar layin dogo ya ga rikicin Maris 1987, wanda ya tashi daga Kwalejin Ilimi ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa. Ya ga na 1999. Ya ga na bayan zaɓen Afrilu 2011, lokacin da babbar kasuwa ta ƙone. A ƙarshen 2016 ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf sun kwana sun wuni a cikin dokar hana fita, kuma hare-haren ƙauyuka ba su tsaya a nan ba. Musulmi ya yi rashi, Kirista ya yi rashi. Ana cikin lallaɓawa sai ga cutar citta a daminar 2023, ta ruɓar da gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye, magidanta da yawa suka rasa har irin da za su shuka baɗi. Wanda ya ratsa waɗannan shekaru, in ya kwanta da dare ba ya rasa abin saƙawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2019 cewa a yankunan da rikici ya shafa, kimanin mutum 1 cikin 5 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kama daga damuwa mai tsanani da fargaba har zuwa firgicin da yake biyo bayan bala'i. A wajenmu ba kasafai ake kiran abin da sunansa ba. Za ka ji an ce "tunani ya yi masa yawa", ko "gabanta yana yawan faɗuwa", ko "barci ya ƙaurace masa". Daga nan sai kemis, a sayo ƙwayar barci ba tare da takardar likita ba. Wani kuma ya nufi gidan burukutu, matashi ya nufi tiramadol.

Abin da yake faruwa a jiki ba boyayye ba ne. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai jiki ya saki sinadaran shirin gudu ko faɗa, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, jijiyoyin jini su tsuke. Ranar da ake gudun ceton rai, wannan rahama ce. Matsalar ita ce jiki ba ya tantance harbin da ake yi yanzu da wanda kake tunowa a kan gado shekara 10 bayan an yi shi. Duk sanda tunanin ya dawo, jiki yakan sake ɗaura ɗamara. In aka haɗa wannan da hawan jini, wanda bincike-bincike suka nuna yana damun kusan baligi 1 cikin 3 a Najeriya, kuma da yawansu ba su ma san suna da shi ba, za ka gane dalilin da ya sa zancen natsuwa ya shigo shafin lafiya.

Su wane ne mabiya Buda, me kuma suke yi kullum?

Da wuya ka yi karo da mabiyin addinin Buda a Kafanchan, kuma a Najeriya baki ɗaya ba su da yawa. A nahiyar Asiya suke da ɗaruruwan miliyoyi, musamman Tailan da Myanmar da Siri Lanka da Kambodiya da Japan da Biyetnam. A Afirka akwai babban wurin ibadarsu na Nan Hua a Afirka ta Kudu, da wata cibiya a Entebbe ta Yuganda. Wanda ya kafa addinin, Siddhartha Gautama, ɗan gidan sarauta ne da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. "Buda" laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka. Aƙidarsu ta yi hannun riga da ta Musulmi da ta Kirista a manyan ginshiƙai: koyarwarsu ba ta ginu a kan Mahalicci ɗaya ba, kuma sun yarda ana sake haihuwar rai bayan mutuwa. Wannan shafi ba ya kiran kowa zuwa ga wannan. Abin da ya ja hankalin likitoci wani abu ne dabam, wato yadda talakan mabiyi yake tafiyar da yininsa.

Mabiyin da ba limami ba yakan ɗauki alkawura 5: ba zai kashe rai ba, ba zai ɗauki abin da ba a ba shi ba, ba zai yi lalata ba, ba zai yi ƙarya ba, ba zai sha abin maye ba. A garuruwan Tailan, da sanyin safiya limamansu sukan fito ba takalmi da ƙoƙon bara, matan gida su zuba musu shinkafa. Suna da carbinsu mai ƙwaya 108. Sai kuma horon da suke kira "sati" a tsohon harshen Pali, wanda a Hausa za mu iya ce masa halartar hankali. Mutum zai zauna ya sa lura a kan numfashinsa, shigarsa da fitarsa. Ba a daƙiƙa 30 hankali zai sulale. In ya farga, sai ya dawo da shi ba tare da ya tsine wa kansa ba. Ya sake sulalewa, ya sake dawo da shi. Horon ke nan gaba ɗayansa, kuma malamansu suna cewa dawowar ita ce aikin, kamar yadda makiyayi ba ya fushi don saniya ta ratse, sai dai ya kaɗo ta.

Mutumin da ya fi kowa fito da wannan horo daga ɗakin ibada zuwa madafi da titi shi ne Thich Nhat Hanh, limami ɗan Biyetnam da ya rasu a Janairun 2022 yana da shekara 95. Tarihinsa ya kamata ya ja hankalin mutumin Kudancin Kaduna, domin a tsakiyar yaƙi ya gina koyarwarsa. A shekarun 1960 shi da ɗalibansa suna sake gina ƙauyukan da bama-bamai suka rusa, an kashe wasu daga cikin ɗaliban, shi kuma ya shafe kusan shekara 40 yana gudun hijira saboda ya ƙi goyon bayan kowane ɓangare. Martin Luther King ya ba da sunansa don kyautar zaman lafiya ta Nobel a 1967. Abin da yake koya wa mutane ƙanana ne har sai ka raina su. In kina wanke-wanke, ki ji ɗumin ruwan da santsin sabulun, kada ki yi shi kina hanƙoron gamawa. In kana tafiya, ka san ƙafarka tana taɓa ƙasa. In waya ta yi ƙara, ka ja numfashi sau 3 kafin ka ɗauka.

Akwai wani misali a tsohuwar koyarwarsu da ya dace da manomin citta. Suka ce wanda masifa ta sama kamar wanda aka harba da kibiya ne. Ta farko ba shi da iko a kanta. Amma sau da yawa sai ya zaro ta biyu ya soka wa kansa a daidai raunin. Ruɓewar gonar ita ce kibiya ta farko. Ta biyu ita ce lissafin buhunan da za a samu da ba ta ruɓe ba, wanda ake maimaitawa kowane dare ƙarfe 2, da "da na sani na sayar tun bara", da huce haushin a kan mata da yara. Horon halartar hankali ba ya dawo da citta ko kwano ɗaya. Kibiya ta biyun yake koya wa mutum ya gani tun tana hannunsa.

Kada kuma a ɗauka duk inda ake wannan horo aljannar duniya ce. A Myanmar, ƙasar da ta yi suna wajen makarantun natsuwa, aka kori Musulmin Rohingya sama da 700,000 zuwa Bangaladash a 2017, kuma wasu limaman Buda suna cikin masu rura wutar ƙiyayyar. Zaman shiru na minti 20 ba ya maye gurbin adalci, a can ko a nan.

Yadda abin ya shiga asibiti

A 1979 wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, wanda ya yi karatu a hannun malaman Buda, ya buɗe wani ɗan aji a asibitin Jami'ar Massachusetts. Ya roƙi likitoci su turo masa marasa lafiyar da magani ya gaza rage musu ciwo mai daɗewa. Ya cire duk wani abu na bauta da aƙida, ya bar lura da numfashi da jiki da motsi a hankali, ya tsara shi mako 8. Daga baya wasu masana uku, Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale, suka haɗa shi da dabarun likitancin ƙwaƙwalwa don masu ciwon damuwar da yake tafiya yana dawowa, har hukumar da take tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince da shi.

Shin yana aiki? Yana yi, amma ba kamar yadda masu tallarsa a waya suke kururutawa ba. A 2014 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515, suka ga matsakaicin amfani a kan fargaba da damuwa da raɗaɗin ciwo, amma ba su ga hujjar cewa ya fi motsa jiki ko magani ba. A 2022 wani gwaji da Jami'ar Georgetown ta jagoranta a kan mutum 276 masu ciwon fargaba ya nuna horon mako 8 ya yi kunnen doki da wata sananniyar ƙwaya mai suna escitalopram. Sai dai ka lura da abin da aka nema daga mahalartan: aji na awa 2 da rabi duk mako, da minti 45 a gida kullum. A wannan shekarar kuma wani babban gwaji a makarantun Birtaniya, mai ɗalibai sama da 8,000, ya nuna koyar da shi ga yara a aji bai fi darasin da aka saba ba, kuma yawancin yaran ba su ma yi shi a gida ba. Abin da aka ɗora wa mutum dole, ba ya kama shi.

Gwajin da ya fi kusa da halinmu a arewacin Yuganda aka yi shi, a kan mata 694 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara zama 5 na sauraron murya da aka naɗa, rukuni-rukuni, tare da masu jagoranci da ba likitoci ba ne, kuma halartar hankali tana cikin abin da aka koyar. Bayan wata 3, matan da suka halarta sun fi sauran samun sauƙin ƙuncin zuciya. Mata ne da suka ga yaƙi da idonsu, da yawansu ba su yi makaranta mai nisa ba.

Carbin da yake aljihunka

Binciken da na fi so mai karatu ya riƙe ƙarami ne, na mutum 23 kacal. A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa suka auna numfashi da bugun zuciyar mutane suna karanta addu'ar rosari ta Katolika da harshen Latin, sannan suna maimaita wata kalmar zikirin 'yan yoga. A duka biyun numfashi ya sauko zuwa kimanin sau 6 a minti, alhali baligi a zaune yakan yi sau 12 zuwa 20. A wannan saurin, tsarin da jiki yake daidaita bugun zuciya da hawan jini da shi ya ƙara kaifi. Tun kafin nan, likitan zuciya Herbert Benson na Harvard ya bayyana cewa abu biyu ne suke kwantar da jiki: maimaita kalma ko addu'a, da kuma kau da kai daga tunanin da ya kutso a koma ga maimaitawar. Yakan shawarci marasa lafiyarsa su zaɓi kalmar daga addininsu. Sirrin a jiki yake: duk sanda ka fitar da numfashi a hankali, wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki takan rage wa zuciya gudu.

Yanzu ka dubi Kafanchan da asuba. Ga mai tasbihi 33-33 bayan sallah. Ga ɗan Tijjaniyya da lazimin safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100, ga wazifa a da'ira. Ga ɗan Ƙadiriyya da wuridinsa. A ɗaya gefen titin ga iyalin ECWA ko Angilikan ko Baptis sun taru a falo don sujadar safe da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, ga 'yan Katolika da rosari, musamman a watan Oktoba. Mazubin da Kabat-Zinn ya sha wahalar ƙerawa don marasa lafiyar Amurka, wato lokaci tsayayye kullum da kalmomin da ake maimaitawa da jama'ar da ake yi tare, mutumin Kafanchan ya gada. Abin da yakan ɓace shi ne halartar. Yatsu suna jan carbi kamar injin markaɗe, ido yana kan waya, kunne yana wajen maƙwabta.

Malaman addinan biyu ba su jira likitoci ba kafin su yi kuka da wannan. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a Ihya'u Ulumiddin a kan halartar zuciya a sallah da yadda tunanin duniya yake sace ta. Ignatius na Loyola, a ƙarni na 16, ya koya wa mabiyansa su ware ɗan lokaci kullum su bi yininsu daki-daki a gaban Allah. Ibada dai don Allah ake yin ta, ba don awon jini ba, kuma hukuncin yadda ake yin ta na malaminka ne ko fastonka ko fadanka. Ni a ganina, darasin da ya cancanci a ɗauka daga mabiya Buda shi ne sun ɗauki tattara hankali a matsayin sana'ar da ake koyo da maimaici, kamar ɗinki ko tuƙi. Mu kuwa mun fi ɗaukarsa baiwa, wanda ya samu ya samu, wanda ya rasa ya yi ta zargin kansa da raunin imani.

In kana so ka gwada, ba ka bukatar sayen komai. Ka zaɓi lokacin da ka riga ka saba zama, bayan sallar asuba ko bayan addu'ar safe, kafin hannunka ya kai ga waya. Ka zauna yadda bayanka zai miƙe, a tabarma ko a kujera. Ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6. Daƙiƙa 10 ke nan, wato sau 6 a minti. In ka bi ƙwayar carbi 33 da numfashi ɗaya-ɗaya, ka yi minti 5 da rabi. Zagaye biyu ya ba ka minti 11. In ka ji jiri, ka daina ƙirgar, ka bar numfashin ya tafi yadda ya ga dama, kai dai ka bi shi da lura. Tunanin bashi zai zo, tunanin wanda ya ɓata maka rai a wurin aiki zai zo. Ka ce a ranka "tunani ne", ka koma. Minti 10 kullum ya fi awa guda ranar Asabar, kuma sai an yi makonni kafin a ga bambanci, shi ya sa aka tsara ajin asibiti mako 8.

Ke da ba ki da minti 10 na kanki tsakanin ɗiban ruwa da shirya yara, ki ɗauki aiki ɗaya cikin ayyukan da dole ki yi, ki mai da shi wurin horon. Tankaɗe ne, ko tsintar acca, ko goya yaro zuwa makaranta. Ki yi wannan ɗaya kawai da dukkan hankalinki: nauyin rariyar, ƙamshin garin, motsin hannun. Maigida kuma ya gwada da cin tuwon dare, a ajiye wayoyi a ɗaki, a ci loma 5 na farko ba hira. Yara za su yi dariya a daren farko, a bar su su yi. Ba a tilasta musu zaman shiru. Abin da suke ɗauka shi ne ganin uba ya ja numfashi sau 3 maimakon ya ɗaga hannu lokacin da aka fasa kofi.

Akwai wuri ɗaya da numfashi ukun nan yake iya ceton rai a Kudancin Kaduna, shi ne kafin a danna "tura" a WhatsApp. Kowa a yankin nan ya san yadda hoton gawa ko saƙon murya na "ga su nan zuwa" yake kwashe kasuwa cikin minti 15, kuma sau da yawa hoton na wata ƙasa ne ko na wata shekara. Jikin da ya firgita so yake ya yi wani abu nan take, turawa kuwa ita ce mafi sauƙi. Mabiya Buda suna auna magana da tambayoyi: gaskiya ce, tana da amfani, lokacinta ne? Musulunci da Kiristanci duka sun yi gargaɗi mai tsanani a kan harshe da yaɗa abin da ba a tabbatar ba. Wakilan al'ummomi 29 sun sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan a Maris 2016, amma yarjejeniya a takarda ba ta riƙe babban yatsan mutum da ƙarfe 11 na dare.

Inda ya kamata a yi hattara

Ba kowa ne zaman shiru yake yi wa daɗi ba. Binciken Willoughby Britton ta Jami'ar Brown a Amurka ya tattara bayanan mutanen da horon ya tayar musu da fargaba ko ya dawo musu da mugun abin da suka gani. Wanda aka kashe nasa a gabansa, ko ya kwana a daji yana ɓuya, yana rufe ido hoton yakan dawo. In kana cikin waɗannan, kada ka rufe ido, kada kuma ka fara da numfashi. Ka dafa ƙafafunka a ƙasa da ƙarfi, ka ambaci abubuwa 5 da kake gani a ɗakin, ka saurari sauti 3 da kake ji, ka taɓa wani abu mai sanyi. Ko ka fita ka yi tafiya a hankali kana lura da takunka. In abin ya ƙaru, ka tsaya. Babu jarumta a dagewa.

Akwai kuma alamun da suka wuce ƙarfin carbi da numfashi. Mugun mafarki da yake maimaituwa sama da wata guda. Zabura da gumi duk sanda yara suka fasa abin wasan wuta lokacin Kirsimeti ko Sallah. Ƙauracewa wata unguwa ko wata hanya shekara da shekaru. Rashin sha'awar abinci da mutane sama da mako 2. Mai jego da take kuka ba dalili ko take jin ba ta son jaririnta. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a tsaya yi masa wa'azi, a kai shi asibiti a ranar. Ciwon ƙirji da ɗaukewar numfashi ma ba a yanke musu hukuncin "fargaba ce" a gida; sai an auna zuciya tukuna.

A Kafanchan za a iya farawa daga babban asibitin garin ko cibiyar lafiya mafi kusa, su tura mutum gaba in da bukata. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa a Kaduna, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos kuma yana da sashen, kuma Jos ta fi kusa. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, don haka a shirya wa layi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci ba tare da wariya ba.

Mai hawan jini kuma ya ji da kyau. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a 2017 ana iya ƙara irin wannan horo a kan magani da rage gishiri da motsa jiki, amma ba ya tsaya a madadinsu. Ka sayi ƙaramin littafi na aljihu. Kullum ka rubuta layi ɗaya: ƙarfe nawa ka kwanta, sau nawa ka farka, ko ka yi zamanka na minti 10, da awon jininka in kana da na'ura ko in ka biya ta kemis. In awon yana kai 140 bisa 90 ko sama a ranaku dabam-dabam, kada ka jira ranar da aka ba ka. In kuma ya sauka, ka je da littafin wurin likitan da ya rubuta maka maganin, shi zai ce a rage ko a bari yadda yake.